Sabon moto a tankar rimot: ɗan giyan da ke ƙona muku bod

Assalamu alaikum 'yan'uwa, daga nan Aboabo, Kumasi. Tun satin da ya wuce saƙo iri ɗaya ke ta shigo mini daga Nima, daga Madina, har daga nan Asawase: "Masta, na cire moton 380 na sa 390, tanka ta yi tafiyar minti kaɗan sai bod ya fara ƙauri." Har magana ta bazu wai 390 ne ke cinye bod, wato allon lantarkin da ke cikin tankar wasan, wanda ke raba wa moto wuta. 380 da 390 kuwa lambobin girman moto ne. Gaskiya ne 390 ya fi 380 jan wuta. Amma a tankokin da aka kawo mini na buɗe da hannuna, yawanci ɓarnar daga wannan ɗan abin take. Ku duba tafin hannuna. Bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ɗan giyan da ke bakin moto ke nan, wanda ake kira finiyan.

Wadda ke kan benci yau Tiger I ce ta kamfanin Heng Long, sikelin 1 cikin 16, wato tankar yaƙi ta gaske ce aka ƙanƙantar sau 16. Buɗe ta ba wani aiki ba ne. Ku cire batir tukuna, ku kwance sukurorin ƙasa, ku ɗaga saman a hankali saboda wayoyin da ke haɗe da shi. Ku ɗauki hoto da waya kafin ku zare komai. Sarƙa waje, ƙafar da ke jan sarƙa waje, akwatin giya waje. Sukurori biyu ne ke riƙe da moto. Shi ke nan, ga shi a hannu.

To, a nan nake so mu zauna.

Sandar moton 380 da ta 390 kaurinsu ɗaya ne, milimita 2.3, shi ya sa finiyan ɗin tsohon yake hawa kan sabon. A yawancin waɗannan tankoki ba sukuru ke riƙe shi ba, matse shi aka yi da ƙarfi. Wasu sababbin moto suna zuwa da nasu finiyan a ɗaure. In haka ne, ku ƙirga haƙoransa, ku ƙirga na tsohon, ku jera su gefe da gefe. In ba su yi daidai ba, na tsohon za ku mayar.

Kafin ku taɓa shi, ku auna. Tazarar da ke tsakanin fuskar moto da gindin finiyan, ita ce ma'aunin da mutane ke mantawa. Ba ku da abin awo? Ku yanki ɗan kwali, ku zura a tsakanin, ku sa alama da biro. Haka zurfinsa zai kasance a kan sabon moto, ba ƙari ba ragi.

Cirewa: akwai ɗan abin zare giya da ake sayarwa, shi ya fi. In babu, ku ɗora kan ƙarfen dalma mai zafi a jikin finiyan na ɗan lokaci. Ƙarfe in ya ji zafi yana buɗewa, sai ya saki sandar da sauƙi. Kada ku damƙe haƙoran da filaya. Haƙori ɗaya ya lanƙwashe, duk zagaye sai ya cije.

Yanzu sakawa. Ku kalli wannan moton da wani ƙanena ya kawo mini. Ya ɗora shi a ƙasa, ya aza finiyan, ya bi shi da guduma. Ku saurari ƙararsa in na juya shi da yatsa. Kun ji yana gogar wani abu? Dukan ya tura sandar ciki, ta danne murfin baya inda burushin da ke kai wuta ga abin da ke juyawa yake zaune, kuma sandar ta ɗan karkace. Ido ba ya ganin karkatar, amma giya yana jin ta.

Ga yadda ake yi. Ku juya moton, ku duba bayansa. Wannan ɗan ɗigon ƙarfe mai ƙyalli a tsakiya, ƙarshen sandar ne. Shi za ku tokare da ƙaramin ƙwallon boris ko kan ɗan sukuru, yadda duk ƙarfin matsin zai bi ta cikin sandar, ba ta jikin gwangwanin moto ba. Sai ku sa su a bakin mamatsin benci, finiyan a gefe ɗaya, abin tokarar a ɗaya gefen. Ku murɗa kaɗan. Ku tsaya, ku duba ko ya miƙe. Ku ƙara kaɗan. Ku gwada da kwalin nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya ga yadda fita, wato makaniki, ke matse bushi a hannun mota, ya san aikin nan. Hikimar ɗaya ce, girman ne ya bambanta. In ba ku da mamatsi a gida, ku kai wa ɗaya daga cikinsu, minti biyu ya gama muku.

Me ya haɗa wannan da bod? Moto in yana juyawa a sake, shi da kansa yana haifar da wata wuta da ke tura ta batir baya, sai ya ja kaɗan. Da zarar wani abu ya riƙe shi, gudunsa ya ragu, wannan turawar ta ragu, sai wuta ta kwararo. Kuma zafi ba ya bin wuta ɗaya bayan ɗaya: wutar ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Duk wannan wutar ta cikin bod take bi kafin ta isa moto. Finiyan da ya karkace, ko ya shige da yawa yana gogar bangon akwati, ko ya cije giyan da ke gabansa, kamar mutum ne ya taka birki yana ba da wuta. Ga batir mai bolt 7.4, ga sarƙar ƙarfe mai nauyi, ga jar ƙasarmu ta shiga tsakanin haƙora. Bod ɗin ya yi ƙoƙari ma da ya kai minti biyar.

Mayar da moto cikin akwati. Sukurorin asali za ku yi amfani da su. Dogo ya shige ciki ya taɓa abin da ke juyawa, moto ya mutu tun bai fara aiki ba. Ku zura siririyar takarda tsakanin finiyan da giya na gaba, ku ɗaure sukurori biyun bi da bi, sannan ku juya takardar ta fito. Ta fito da lanƙwasa kamar karin guga a riga, daidai. Ta yage, ya matse da yawa.

Kada ku haɗa da bod tukuna. Batir ɗin tocila guda biyu sun isa. Ku taɓa wayoyin, ku saurara. Ga na hagu. Ga na dama. Sautinsu ya zama iri ɗaya, sumul, ba tangarɗa. Mai mita ya auna wutar da kowanne ke ja, kada ɗaya ya yi wa ɗaya nisa. Ni wannan gwajin ba na tsallake shi ko da dare ya yi, ko da an ɗauke wuta ina aiki da fitilar waya.

Sauran a gurguje. Ƙananan kafasitan da ke bayan tsohon moto, ku tabbata sabon yana da su, su ke hana tartsatsin burushi damun rimot. Moton hagu da na dama kallon juna suke, don haka in tanka tana juyi a wuri ɗaya maimakon tafiya gaba, ku musanya wayoyi biyu na gefe ɗaya. Moton 390 ya fi tsawo, ku duba bai tokari sifika ko abin hayaƙi ba kafin ku rufe. Giris kaɗan, musamman yanzu da hunturu ke kawo ƙura.

Ra'ayina kuwa, in giyoyinku na roba ne, ku fara sayen akwatin giya na ƙarfe kafin moto. Kuma ni ba gudu nake nema a tanka ba. Tiger I ta gaske, mai nauyin wajen tan 57, an ƙayyade gudunta a kilomita 38 cikin awa. Ku raba da 16, bai kai kilomita biyu da rabi ba, tafiyar mutum ma ta fi shi. Abin da nake so shi ne ta hau tudu ba tare da ta yi nishi ba.

Ga ta a bayan gida, kan tarin yashin magina. Ku kalli sarƙar. Minti goma ke nan tana hawa tana sauka. Bari in buɗe in sa yatsa a kan bod. Ɗumi ne kawai.