Yadda ake haɗa dikoda da fitilun cikin taragon ƙaramin jirgin ƙasa

Masu kallo, ku dubi taragon nan. Girman HO ne, wato an rage jirgin gaske sau 87. Cikinsa duhu. Yau za mu sa masa fitila wadda za a kunna a kashe daga nesa.

A tsarin DCC, wato sarrafa jirgi da umarnin dijital, wanda ƙungiyar NMRA ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinsa, wuta na kan layin dogon kullum, ko jirgi na tafiya ko yana tsaye, kusan bolt 14 a wannan girman. Umarni ma ta cikin wutar yake bi. Dikoda, ƙaramar na'urar da ake sawa a cikin jirgin, ita ce ke sauraro, ta ɗauki saƙon da ya zo da lambarta, ta bar saura. Tarago ba shi da inji, saboda haka dikodar fitila zalla ta ishe mu.

Ga wayoyinta. Ja ta tafi ƙarfen dama, baƙa ta tafi na hagu. Yanzu ku natsu, don nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna: shuɗiyar waya ita ce fozitib. Ita ce uwa, duk fitilu daga gare ta suke sha. Fara da rawaya na maɓallin F0 ne a na'urar sarrafa jirgin, kore na F1, kuma dukansu negatib ne. Doguwar ƙafar LED, wato ƙaramar fitilar, ta kama shuɗiya, gajeriyar ta bi ta rizisto, mai rage ƙarfin wuta, ta sauka a kore.

Kada a tsallake riziston nan. Ba shi, LED ta ƙone nan take, wani lokaci ta ja dikodar su tafi tare. Mai om 1,000 ya wadatar, amma ni na fi son in ƙara. Haske mai ƙarfi yana tona roba, sai tarago ya koma abin wasa. Mai taushi, ɗan ja-ja, shi ke sa ka ji kamar akwai fasinja a ciki. Yawancin dikodoji kowace waya tana ɗaukar wajen miliyamfa 100, sai a duba takardarta kafin a jera fitilu.

To, an haɗa, jirgi ya tashi, sai ga fitila tana kawowa tana ɗaukewa. Laifin ba na dikoda ba ne, na ƙafafu ne. Tarago ba nauyi, ƙura kaɗan ta raba taya da ƙarfe. A sa tayoyin ƙarfe masu kariyar wuta a gefe guda, a jingina musu siririn fallen tagulla yana gogar su a hankali. In ya matse, jan taragon zai yi wuya. Sannan a ƙara kafasita ta riƙe wuta na ɗan lokaci. A jikin dikodar ake maƙala ta, inda kamfani ya nuna, ba kai tsaye tsakanin ja da baƙa ba.

Saura lamba. Sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa, ana canza ta a CV1, wato gurbin saiti na ɗaya a cikin dikodar. Idan na'urar sarrafawa ta kasa karanta dikodar, sau da yawa rashin inji ne: tana jiran dikodar ta ja miliyamfa 60 a matsayin amsa, LED kuwa ba ta kai ba. A haɗa wa dikodar ƙaramin ƙwan fitila na wucin gadi.

Na ba dikodar lambar kan jirgin da ke jan taragon. Bari in kashe fitilar ɗaki, in danna F1.