Sharhi: Yadda Naira Ta Zama Haja a Ƙarƙashin Lemar Mai POS

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan 'yar na'urar nan ce ta POS, da abokiyar tafiyarta, tiransifa ta wayar salula.

Tun a watan Janairun 2012, lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, aka fara gwada tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas. A 2014 aka kawo BVN, lambar tantance masu asusun banki. A Oktoban 2021 aka ƙaddamar da eNaira, nairar intanet ta Babban Bankin, da gagarumin biki, ga shi har yau da wuya ka gamu da wanda ya taɓa sayen ko ashana da ita. Duk wannan kiran, talaka bai waiwayo ba. Wuya ce ta juyo da shi. A Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. Farkon 2023 magidanta suka riƙa yin asubanci zuwa layin ATM su dawo hannu rabbana, manhajojin manyan bankuna kuma suka yi ta cijewa. A cikin wannan ƙunci ne mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka rubuta lambar asusu a jikin kwali suka rataye, kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka samu shiga. Ranar 3 ga Maris, 2023, a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Kuɗin suka dawo, amma ba wanda ya sauke kwalinsa.

Kuma a faɗi gaskiya, an amfana. Ɗan kasuwar da zai je sari Kantin Kwari ko Dawanau ya huta da ɗaure miliyoyi a ƙugu yana tafiya yana waige-waige. Ɗan ci-rani a Legas ya daina jiran direban da zai kai wa mahaifiyarsa saƙo, minti ɗaya ta ji alat. Akwai ƙananan hukumomi da dama a Arewa da babu reshen banki ko ɗaya, yau mai POS ne bankinsu. Dubban matasa kuma sun samu abin yi da tebur ɗaya da lema ɗaya.

To, amma ga abin da ba a shirya masa ba. An kawo fasahar don a rage dogaro da tsabar kuɗi, sai ta mayar da tsabar kuɗin haja, ana saye ana sayarwa. Ku lura da yamma. Yaro mai POS zai rataya jakarsa ya nufi gidan mai ko shagon wani babban dila, ya tura masa kuɗi ta waya, ya ɗora masa ɗan wani abu a kai, ya karɓi cinikin ranar a ƙulle. Gari na wayewa sai ya sayar mana da kuɗin, ni da ku. Kuɗin da a da suke kwana a banki su fito ta ATM, yanzu ba sa ko leƙa ƙofar bankin. Shi ya sa za ka ga na'urar banki a bushe, ga masu POS jere a bakin get ɗinsa, jakunkunansu cike. Hatta malamai sun sha amsa tambaya a kan wannan caji, ladan aiki ne ko kuwa ya tsallaka zuwa riba.

Wa ke ɗaukar nauyin? Lissafin ba wuya. Leburan da ya ciri naira 5,000 aka caje shi 100, ya ba da kashi 2 cikin 100 na guminsa, kuma gobe ma zai sake. Attajirin da ya tura miliyan goma ta waya, abin da za a cire masa bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. A ƙauye ranar kasuwa, ko jajibirin Sallah, cajin yakan ninka, don mai saye ba shi da zaɓi. Ga kuma harajin naira 50 a kan tiransifar da ta kai 10,000, wanda tun Disamban 2024 ya shafi su OPay ɗin ma.

Sai 'yan damfara, waɗanda kullum suke riga kowa iya sabon abu. Alat na bogi ya raba masu shago da yawa da kayansu. Wani kuma a kira shi a waya, wai daga banki ne, za a rufe masa asusu in bai karanto lambar da aka turo masa ba. Abin da ya fi damuna shi ne dattijuwar da za ta miƙa katinta, ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi a gaban mutane, saboda rubutun da ke jikin na'urar da Turanci yake. Ba sakacinta ba ne. Waɗanda suka tsara abin ne ba su sa ta a lissafi ba, alhali saka Hausa a allon ba wani aiki ne da ya gagari kamfanonin nan ba.

Kada kuma mu manta duk wannan harka a kan sabis take rataye. A Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, ba gaisuwa kaɗai ta yanke ba, POS ma ya mutu, sai mutum ya yi doguwar tafiya kafin ya taɓa kuɗinsa. A Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, sai ga mai kuɗi a asusu yana tsaye gaban mai tireda yana rantsuwa cewa ya tura.

Hukuma ta motsa, amma ƙarfinta ya fi sauka a kan yaron da ke ƙarƙashin lema: a yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kada a ba mutum ɗaya fiye da naira 100,000 a rana. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Muddin ATM ba kuɗi, dole a sayi naira da naira. Babban Bankin ya san haka, domin a Janairun 2025 ya ci bankuna 9 tarar naira miliyan 150 kowannensu saboda rashin zuba kuɗi a na'urorinsu lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. An karɓi tarar, amma waɗanda suka biya cajin da ya ninka a waɗancan makonni, ba wanda aka mayar wa ko sisi.