Yadda ake gasa brunkager, biskit ɗin Kirsimetin Danmak

Wannan biskit mai launin ƙasa, siriri kamar takarda, shi ake kira brunkager a ƙasar Danmak. Da Disamba ta kama, gidaje kan cika da ƙamshinsa. Jikokin 'yan Danmak da suka yi ƙaura zuwa Amurka, irin na garin Solvang da aka kafa a Kalifoniya a 1911, da yawansu ba sa jin harshen kakanninsu, amma ba su yar da wannan gashin ba.

Ga ma'aunin: bota giram 250, sukari mai ruwan ƙasa giram 250, sirop (ruwan sukari) mai kauri giram 125, fulawa giram 500, 'ya'yan almond giram 150. Kayan ƙamshi kuwa, kirfa cokalin shayi 3, garin citta 2, kanumfari 1. Wasu gidajen na ƙara ɓawon lemo da aka dafa da sukari.

Ku zuba bota da sukari da sirop a tukunya, wuta kaɗan-kaɗan, har su narke. Kada ya tafasa. In ya tafasa sukarin zai daskare, ƙullin ya yi tauri har wuƙa ta kasa shiga. Ku sauke, ku bar shi ya huce zuwa ɗumi-ɗumi. Wanda ya yi gaggawar zuba fulawa a kan zafi zai ga mai ya rabu yana yawo a sama.

Yanzu sai sirrin abin, wato potaske. Wani farin gari ne, ɗan'uwan kanwa, kuma shi ke sa biskit ɗin ya baje ya yi ƙaras-ƙaras maimakon ya kumbura. Ku narkar da cokalin shayi 2 a cikin babban cokali ɗaya na ruwan sanyi kafin ku zuba, don in ya shiga a bushe za ku tarar da ɗigo-ɗigo masu ɗaci. Kanwar kasuwa ba za ta maye gurbinsa ba, ƙarfinta ba ya da tabbas. In babu shi, bekin soda ya fi kusa, sai dai biskit ɗin zai ɗan fi kauri.

Ku haɗa komai, ku mulmula ƙullin ya zama sanda mai faɗin santimita 5, ku naɗe a leda, ya kwana a firij. Kwanan nan ne ke sa ƙamshin ya ratsa shi.

Wajen yanka ake gane gwani. Kaurin kowane yanki kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. Za ku ga almond ɗin ya fito fari-fari a jiki. Idan ƙullin yana farfashewa, sanyi ya yi masa yawa, ku ba shi minti goma a waje. Wuƙa kuma ta zama mai kaifi sosai.

Ku jera da tazara a tire, oben a digiri 180 na ma'aunin Celsius, minti 6 zuwa 8. Ku tsaya a kai, domin launinsa na ɓoye ƙonewa, hanci ne zai fara gaya muku. Zai fito da laushi, kada ku mayar da shi, yana hucewa zai bushe. Sai a zuba a gwangwani mai murfi, yana yin makonni in iska ba ta shiga ba.