Fararen Limamai da Sarautar Ruwanda

Jama'a, barkanmu da warhaka. Kafin mu shiga Ruwanda, bari mu fara daga Aljeriya. A can ne a 1868 wani babban limamin Katolika Bafaranshe, Charles Lavigerie, ya kafa ƙungiyar ƴan mishan da ta shahara da sunan Fararen Limamai. Kada ku zaci farin fata ake nufi, a'a, tufafinsu ne. Doguwar riga fara irin ta Larabawa suke sawa, su yafa alkyabba, su ɗora jar dara, sannan su rataya carbinsu a wuya. Wallahi da za ka hango ɗayansu daga nesa sai ka ɗauka wani shehin malami ne. Da gangan Lavigerie ya yi haka, don su saje da Musulmin da suke zaune a cikinsu.

To, a 1900 suka iso Ruwanda, fadar Sarki Yuhi Musinga, lokacin ƙasar tana hannun Jamus. Sarki bai kore su ba, bai kuma jawo su jiki ba. Ya ba su wani tsauni mai suna Save, can kudu. Waɗanda suka fara bin su talakawa ne, galibi ƴan ƙabilar Hutu, wadda ta fi yawa a ƙasar, masu neman inuwar da za ta kare su daga masu sarauta. Manyan Tutsi kuwa, wato ƙabilar gidan sarauta, ko kallo ba su ishe su ba.

A 1916 Beljiyam ta ƙwace ƙasar, sai kiɗa ya canza. Beljiyam ƙasar Katolika ce, saboda haka ta sakar wa coci harkar makarantu kusan gaba ɗaya. Nan Bishop Léon Classe, ɗaya daga cikin Fararen Limamai, ya shigo, kuma ina so ku riƙe sunan nan. Shi a ganinsa, in ka samu sarakuna ka samu talakawa. Ya matsa wa hukuma cewa sarauta ta zauna a hannun Tutsi, wai su aka halitta don mulki, wai ma asalinsu daga wajen Habasha suka zo. Irin wannan tatsuniya ba baƙuwarmu ba ce, Turawan Ingila ma sun rubuta makamanciyarta a kan Fulani a nan ƙasarmu. Bambancin shi ne a Ruwanda an zuba ta cikin aji. Ɗan basarake a koya masa Faransanci a shirya shi aikin ofis, ɗan manomi a ba shi abin da zai karanta littafin addini, shi ke nan. Daga baya har a katin shaida aka rubuta wa kowa ƙabilarsa.

Musinga ya ƙi karɓar baftisma, ya tsaya kan al'adar kakanninsa. A Nuwamban 1931 aka tuɓe shi da sa hannun Classe, aka kai shi garin Kamembe a bakin iyakar ƙasar, daga can aka wuce da shi Kwango, inda ya rasu a 1944. Aka naɗa ɗansa Mutara Rudahigwa. Da masu sarauta suka ga inda iska ta kaɗa, sai aka yi ta tururuwa zuwa coci. Sabon sarki ya yi baftisma a 1943, a 1946 kuma ya miƙa ƙasar baki ɗaya ga Almasihu.

Ga inda abin yake da ban mamaki. Kusan ƙofa ɗaya aka bar wa ɗan Hutu mai ƙwaƙwalwa, ita ce makarantar horar da limamai. Ta nan Grégoire Kayibanda ya bi. Bai zama limami ba, ya zama malamin makaranta, daga baya editan Kinyamateka, jaridar coci. Kafin nan an samu sababbin limamai da suka zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tausayinsu yana wajen talaka. A Fabrairun 1959 Bishop André Perraudin, mutumin Suwizalan, shi ma ɗan ƙungiyar Fararen Limamai, ya fitar da wasiƙa yana cewa dukiya da mulki sun taru a hannun jinsi ɗaya. Ni dai a ganina, ya faɗi gaskiya a kan zalunci, amma da ma'aunin Classe ya auna, na jinsi, sai dai ya juya shi. A Nuwamban shekarar aka fara ƙone gidajen Tutsi, dubbai suka tsere zuwa Yuganda da Burundi da Kwango. A 1962 aka sami ƴancin kai, Kayibanda ne shugaban ƙasa.

Na ga ana yi mini alama lokacin salla ya gabato. Abin da ya faru daga nan zuwa kisan ƙare-dangi na 1994, da gafarar da Fafaroma Francis ya nema a 2017, sai mun dawo.