Ƙaro karatu a ilimin kwamfuta: kafin ka cike fom

Masu kallo, barkanku da warhaka. Yau da kai nake, kai da ka gama digirin farko kana tunanin ƙaro karatu a fannin kwamfuta.

Hanyar nan ta rabu gida biyu. Digiri na biyu yawanci shekara 1 ne a Ingila, 2 a Amurka. Za a yi darasi, a yi jarrabawa, a rufe da ɗan bincike. Akwai ma na intanet, kamar wanda jami'ar Georgia Tech ta fara a 2014. Digiri na uku kuwa ya kan ci shekara 3 zuwa 4 a Ingila, 5 zuwa 6 a Amurka, kuma babu amsa a bayan littafi. Kai ake jira ka gano abin da ba a riga an gano ba.

Idan iya rubuta manhaja kawai kake nema, kana iya samunsa a bakin aiki. A jami'a lissafi ne zai fara tare ka. Ga misali. Ka rubuta manhajar da ke kwatanta kowane suna da kowane suna don gano wanda aka maimaita. Da sunaye 1,000, kafin ka ƙifta ido ta gama. To ba ta sunaye miliyan 1. Sunayen sun ninku sau dubu, amma aikin ya ninku sau miliyan, sai ka zauna kana kallon allo. Sanin dalilin haka, da samo dabarar da ta fi sauri, da kawo hujjar cewa dabarar ba za ta yi kuskure ba, wannan shi ake zuwa koya.

Sai batun da ya fi damuna, domin a nan mutane ke yin sake: malamin da zai duba bincikenka. Da yawa sunan jami'a suke bi, alhali da mutum ɗaya za su yi shekaru. Larry Page yana ɗalibi a Stanford, malaminsa Terry Winograd ya ƙarfafa masa gwiwa ya duƙufa kan yadda shafukan intanet ke nuni ga juna. Daga wannan aiki shi da Sergey Brin suka kafa Google a 1998. A 2012 kuma Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, ɗaliban Geoffrey Hinton a jami'ar Toronto, suka lashe gasar ImageNet, inda manhajoji ke gwada gane abin da ke cikin hotuna, da katin sarrafa hoto na kwamfuta guda biyu, irin na masu wasan gem. Tun daga nan binciken ƙirƙirarriyar basira ya sauya alƙibla.

Don haka nemi takardun da malamin ya wallafa kwanan nan, ka karanta ko da uku ne, ka ga ko zuciyarka na wajen. A wannan fanni, takardar da aka karɓa a babban taro irin NeurIPS tana da nauyi ƙwarai, kuma waɗanda ake mayarwa sun fi waɗanda ake karɓa yawa. Ranar da aka mayar da taka, malamin ne zai zauna da kai ku gyara.

Ka tambayi kuɗi ma, kada ka ji kunya. A Amurka ɗaliban digiri na uku da yawa ana yafe musu kuɗin makaranta, a ba su alawus, su kuma su taya koyarwa ko bincike. Ka ji tallafin na shekara nawa ne. Sannan ka rubuta wa ɗaliban malamin guda biyu, ɗaya na yanzu, ɗaya wanda ya gama, ka tambaye su sau nawa yake zama da su a wata.