Fodkas: Kalangu ne ke magana ko hammata?

Habu: To jama'a barkanmu, kun dai ga yadda guruf ɗinmu ya ƙi lafawa tun da aka turo bidiyon nan na mai busa algaita, wai ya akai mutum ya yi ta busa ba ya tsayawa shan iska.

Zainab: Ni wallahi Yaya Habu na ɗauka haɗi ne aka yi da waya.

Habu: Haɗin me! Kumatunsa ne ma'ajiya, yana tara iska a baki, kumatun na tura ta cikin algaitar, shi kuma a lokacin yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa. Rabin algaitar fa a fuskar mutumin take. Haka kalangu, ki rataye shi a bango ki daka, murya ɗaya zai ba ki, sai an matse tsarkiyar nan a hammata fata ta ɗaure sauti ya hau, a sassauta ya sauka, to waye ke maganar, icen ko hammatar?

Sani: Kenan ni da hammatata ba ta da ƙwari…

Zainab: Kai Sani da ko tafi ba ka iya yi daidai ba.

Sani: Haba Anti, ni na riƙe kiɗan tebur a ajinmu shekara uku!

Habu: Shi ya sa teburin ya karye.

Sani: Dama ƙafarsa ɗaya a gurguje take, ku tambayi kowa.

Zainab: Har yau dai ba ka biya ba.

Habu: Ku bar teburin nan haka. Akwai Evelyn Glennie, 'yar Sikotland, tun tana wajen shekara 12 kunnenta ya mutu, amma makaɗiya ce ta duniya, ba takalmi take hawa dandamali don ta ji girgizar kiɗan ta tafin ƙafa. Ga Django Reinhardt mai jita, gobara ta nakasa masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, da sauran biyun ya sake ƙirƙiro salonsa. Ni a wajena nakasar ce ma ta ba shi muryar da ba mai irinta.

Zainab: A'a Yaya, nan kam ban yarda ba, naci ne ya ba shi. Ka taɓa ganin kantar da ke yatsun masu jita?

Habu: Kanta kuma ai jiki ne, kin dawo kan maganata.

Sani: Lokaci fa ya tafi, ba mu taɓo goge ba.

Habu: Sai mako mai zuwa. Sani ka zo mana da teburin.