Baho ɗaya, kifi ɗari

Sani: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Garwa ta ƙasar Kamaru muke zuwa muku. Yau kifi za mu tattauna, da yadda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani ke bi ta kansa su sa mutane ciwon ciki. Ga Hajiya Ladi, wadda ta daɗe tana sayar da shi, ga kuma ƙanwata Maryam mai aikin gwaje-gwaje a asibiti.

Ladi: Ni fa na san an kira ni ne don a ɗora wa 'yan kifi laifi.

Maryam: Haba Hajiya, wane ni! Shekaranjiya dai na tsaya sayen karfasa. Mai kifin ya fasa cikinta a kan katako, ya tsoma ta cikin baho, ya goge wuƙar da tsumman da ke kafaɗarsa, ya karɓi kuɗina da hannun. Ruwan bahon nan har ya yi ja, kuma tun safe shi ne.

Ladi: Ruwa saye muke yi, 'yar nan. Kifin ma tun daga tafkin Lagdo yake tahowa, kafin ya iso ƙanƙarar ta narke. In wuta ta ɗauke kuwa, firiza ta zama akwati.

Sani: To amma ciwon ciki ai ba yau aka fara shi ba. Me ya canza?

Maryam: Maganin ne ya fara gazawa, Yaya. Ƙwayoyin cuta irin su Salmonela da E. koli a hanjin mutum da na dabba suke zama, su bi bayan gida su shiga ruwa, su hau hannu. A wurin aiki mukan shuka su a faranti, mu jera ƙananan takardu masu ɗauke da magani a kai, mu bar su su kwana. In maganin na aiki, da safe za ka ga fili fes kewaye da takardar. Wani lokaci kuwa sai ka tarar sun tsiro har jikinta, ko gezau.

Ladi: Ikon Allah. Wa ya koya musu?

Maryam: Mu ne. Kafso ɗin nan da ake saye biyu-biyu a kan tebur, a sha, a bari da an ji sauƙi. Ga wanda ake zuba wa kaji da shanu da kifin kiwo. Ƙwayoyin cutar masu rauni su mutu, masu taurin kai su hayayyafa. Kuma suna iya miƙa wa junansu wannan taurin, ko da ba jinsi ɗaya ba ne. Bahon Hajiya kuwa mahaɗa ce.

Ladi: Ka ji ko? An dawo kaina.

Sani: Na karanta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne irin waɗannan ƙwayoyin cuta marasa jin magani suka kashe a duniya. Mu daina cin kifi ke nan?

Maryam: A'a. Ƙin jin magani daban, ƙin jin wuta daban. Kifin da ya dahu har ciki, zafinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Celsius, ƙwayoyin cutar sun mutu. Inda ake faɗawa shi ne albasa da tumatir ɗin da aka yanka da wuƙar ɗanyen kifi, aka barbaɗa a kan gasasshe.

Ladi: Wannan kam ni ma ina yi. Wuƙa ta biyu ba ta fi ƙarfina ba. Amma ruwan, wa zai biya?

Sani: Ki ɗora a kan kuɗin kifin mana, Hajiya.

Ladi: Kai da kake tayawa rabi?